Ruwan Dutsen Garinsu

A shagonta na tashar jirgin ƙasa ta Ueno, Fumie tana kallon wani siririn tsoho gaban jerin robobin ruwa. Yana wuce ruwa mai gas, yana wuce na ƙasar waje, yatsansa na bin ƙananan rubutun kamar mai neman sunan ɗan'uwa. Wata roba mai hoton dutse ya ɗauko ya biya, ya cusa cikin kwat don sanyin ya karye. Wataƙila wani marar lafiya ke jiransa, in ji zuciyarta.

"Baba, ai ruwa duk ruwa ne," ta tsokane shi.

Ya murmusa. "'Yata, wannan daga dutsen garinmu yake. Matata ta manta sunana, amma in ta kurɓa, sai ta ce mun iso gida."