Dogo Mai Shayi da Littafin da Aka Kwashe

Haihuwa da Karatu

An haifi Dogo a shekarar 1949, a wani gari na bakin babbar hanya. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa mai kitso. Aji huɗu ya yi aka cire shi, amma ya fito da rubutu mai kyau.

Sana'a da Aure

A 1968 ya kafa teburin shayi a tashar manyan motoci, inda direbobin ƙasashe ke yada zango. Bayan shekara uku ya auri 'yar mai wanki, wadda ta wanke masa kofuna shekara arba'in da biyar, kuma ba ta manta fuskar wanda ya sha bai gode ba.

Tun farko ya lura baƙi na kiran shayin da suna daban-daban: ca, ko cai, ko shai, wasu kuma ti. Sai ya sayi littafi, duk baƙon da ya zauna a bencinsa ya tambaye shi yadda ake faɗa a garinsu, ya rubuta. A ƙarshe ya gano cewa sunan ya bi hanyar ganyen ne: inda ya shiga ta ƙasa ana cewa ca ko shai, inda ya shiga ta ruwa ana cewa ti.

Zuwan Dakta

A 1997 wani Dakta, malamin jami'a, ya ari littafin, wai na kwana biyu. Matar ta ce, "Maigida, wanda ke kiranka Baba tun bai zauna ba, akwai abin da yake so." Dogo ya yi dariya ya miƙa.

Littafin bai dawo ba. Bayan shekara biyu Dakta ya buga nasa, har da lambar yabo. Ya gode wa mai buga masa takardu, ya gode wa direbansa, Dogo ko a gefen shafi. Shi kuwa bawan Allah ya sayi wani littafin ya sake daga farko.

Rasuwa

Ya rasu ranar Laraba a 2016, aka yi jana'izarsa bayan la'asar. Dakta ya zo ta'aziyya, ya tambayi littafi na biyu. Matar ta ce, "Kwana biyun farko ba su cika ba tukuna."

Dogo ya bar 'ya'ya huɗu: tela, da direba, da mai riƙe da teburin, da auta malamar makaranta, wadda uwar ta tsaya a kanta har ta rubuta sunan Dogo a saman kowane shafi na littafi na biyu.