Rigar Ruwan Baba

Da hantsi aka bugo waya daga Kalgo cewa aminin Baba ya rasu, za a yi jana'iza bayan azahar. Baba bai daɗe da tashi daga ciwon haƙarƙari ba, likita kuma ya ja mana kunne kada sanyi ya kama shi. Ga hadari ya haɗo daga gabas, garin Gwandu ya yi duhu.

Na leƙa tasha, babu motar da ta kusa cika.

"To tada mashin," in ji Baba. "Ba za a kai shi ba ni ba."

Inna ta yi ta magiya, ya ƙi ko kallonta.

Rigar ruwa ɗaya ce a gidan, koriya mai kauri, tun yana aikin gandun daji. Da can ruwa gangarewa yake a jikinta, amma da ta tsufa sai ta koma tsotse shi kamar soso. Na shimfiɗa ta a tabarma, na ɗauko kyandir na shiga goga mata, kafaɗu da baya da hula, ina bin ɗinki. Inna ta zuba garwashi a dutsen guga. Na ɗora tsohon ɗankwali a kan rigar, na danna. Wari ya tashi, na ɗauka ta ƙone. Na ɗaga da sauri. Ashe kakin ne ya narke ya shige zaren.

"Mi kaka yi har yanzu?" Baba ya daka mini tsawa daga zaure.

Na tsiyaya ruwan buta a kafaɗar. Ya dunƙule, ya gangara ƙasa.

Muna wuce gonakin bayan gari ruwa ya kece. Ba na ganin hanya sosai, taya na santsi a laka. Baba ya ƙanƙame ni, ni kuwa kunnena na baya, ina sauraron ko zai fara tari. Sau ɗaya ya yi gyaran murya, na kusa taka birki.

Mun iske ana shirin sahu. Na zare masa rigar, na shafa bayansa. A bushe yake, sai ɗan danshi a wuya. Ya shiga sahun gaba, ni kuma na tsaya a baya, ruwa na ɗiga daga jikina.