Na Yaudari Takardar Gwaji, Na Cuci Idona

Edita, ina yi maka sallama. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni ne mai ɗinkin wuyan babbar riga da ake nema a layinmu na Zongon Kwatano. Daga Zogbo har Seme ake kawo min shadda. Na kan zura zare a allura ina hira, ban ko duba ba. Bayan asuba mu taru a teburin mai shayi, mu tsofaffin abokai, a tsiyaya madarar gwangwani har cokali ya yi nauyi, ga burodi mai zafi. Har yau in na tuna bencin nan sai ƙirjina ya cika.

Zan yi wata tafiya aka ce sai na yi gwajin jini. Na je labo, wato ɗakin gwaji, da safe ban ci komai ba, takarda ta nuna 1,18. Likita ta zaunar da ni ta ce ƙasa da gram ɗaya shi ne lafiya, daga 1,26 zuwa sama, in an maimaita ya tabbata, shi ne ciwon suga, ni kuwa ina tsakiya, inda har yanzu ana iya juyawa. Ta ce akwai wani gwajin da ke nuna yadda suga ya zauna a jini wajen wata uku. Na yi, ya ba da 6,2 cikin ɗari, ta ce a wannan gwajin 6,5 ne iyaka. Duk bayanin nan abu ɗaya na ɗauka: ban kai ba. Na koma benci ina tsokanar abokina mai 1,40, ina kurɓar shayi a gabansa.

Ga abin da nake jin kunyar faɗa. Na gane in na bar zaƙi da teba kwana uku kafin gwajin safe, lambar tana sauka. Haka na riƙa yi ina kawo wa mai ɗakina takarda, hankalinta ya kwanta. Na wata ukun kuwa na guje shi, don na san yunwar kwana uku ba ta ruɗinsa. Abokin nan nawa ya bar madara, yana takawa bakin teku kowace yamma, ya sha ce min in zo mu je. Sai in ce aiki ya yi yawa.

'Yata da ke jami'a a Kalavi ce ta tattara takardun, ta tambaye ni ina na wata uku. Babu, sai na farkon nan. A lokacin layin ɗinkina ya fara karkacewa, har wani alhaji ya dawo min da riga. Da 'yar tawa ta kai ni asibiti, gwajin wata ukun ya haura tara, likitan ido ya ce suga ya taɓa jijiyoyin idona. Abokina har yau yana karanta Alƙur'aninsa ba tabarau.

Na gane wannan tsakiyar rahama ce aka ba ni na yi wasa da ita. Ɗan'uwa, in aka ce kana bakin iyaka, ka yi gwajin biyu, kada ka canza cinka na kullum don gwaji, ka ji maganar likita har ƙarshe. Wannan wasiƙar ma ni ke faɗa, 'yata ke rubutawa.