Farin Wandon Malam Tsaf

Ba a banza ake ce masa Malam Tsaf ba. Mai wanki da guga ne, shagonsa a jikin gidansa, kuma ko ƙuda ya sauka a kan riga sai ya sake ɗauraye ta. 'Ya'yansa sun san doka: ba a hawa cinyar Baba. Amai kuwa, ko labarinsa aka yi a gabansa ya bar cin abinci ke nan.

To, ranar da matarsa ta tafi jinyar mahaifiyarta, ranar Auta ta tashi da amai. Shekararta biyu da 'yan watanni. Yayyenta suna makaranta, gida ba kowa sai shi.

Ya toshe hanci ya kwashe, ya goge ɗakin har yana sheƙi. Sannan ya cika kofi da ruwa ya ba ta, don a ganinsa abin da ya fita shi ake mayarwa. Ta shanye saboda ƙishi. Bai ajiye kofin ba ta dawo da shi duka. Ya sake cikawa. Haka suka yi ta yi, shi zubawa, ita zubarwa, har leɓɓanta suka bushe, tana kuka ba hawaye. Nan tsoro ya kama shi, ya kira matar a waya.

"Yaushe rabonta da fitsari?" in ji ta.

"Ni ina na sani? Wandonta dai a bushe yake tun safe."

"Wayyo, Baban Auta! Akwai garin gishiri da sukari na kemis a saman firji, ka haɗa yadda aka rubuta. Ka bar cikin ya ɗan huta, sai ka riƙa ba ta cokali-cokali. Kai da kake yayyafa wa riga ruwa, ka taɓa juye mata bokiti? In la'asar ta yi ba fitsari, ko ka ga jikinta ya saki, kar ka jira ni, ku wuce asibiti."

Ya kashe dutsen guga, ya rufe shago. Auta ta ƙi katifa, ta ƙi kujera, sai jikinsa. Ya dubi farin wandonsa mai kari kamar wuƙa, ya ɗora ta a kai.

Cokali ɗaya, ya jira. Wani cokalin, ya jira. Mutumin da ba ya iya zama hannu rabbana, yau ga shi yana gadin cokali. Wani ya zo karɓar kayansa, ya buga ƙofa har ya gaji.

"Sai gobe, Alhaji, yi haƙuri!" ya ɗaga murya daga ciki.

Ta ɗan sake yin amai a kafaɗarsa. Bai ko motsa ba. Ya goge mata baki, ya dakata, ya koma kan cokalinsa. Bini-bini yana taɓa wandonta, yana duban inuwar da ke tafiya a bango, yana addu'a.

Yaran sun dawo ke nan, suna cire takalma, ya ji wani ɗumi yana bin cinyarsa har gwiwa.

"Baba! Auta ta yi maka fitsari!" in ji babbar, ta ruga za ta ɗauke ta kafin faɗa ya tashi.

"Bar ta ta gama," ya ce. "Miƙo min waya in gaya wa mamanku."