Ƙugiyar Ban-Taɓa

Shekararsa arba'in da uku a duniya, abu ɗaya mai gugan nan yake tutiya da shi: bai taɓa sa sigari a bakinsa ba. Ka kai masa wando ɗaya, sai ka sha wa'azin huhu kafin ka karɓi kayanka. Shi ya sa a duk layin, Ban-Taɓa ake ce masa. Sunan ya yi masa daɗi har ya sa a rubuta a allon shago.

Mai fenti kuwa ya manta ƙugiyar ɓa, ya zabga BAN TABA da jan fenti. Kwana uku mashaya suna tsayawa suna miƙa masa kara ɗaya: "Ungo, tunda ka roƙa." Sai da ya jawo mai fentin da wuyan riga, ya tsare shi a kan tsani har ya ɗora ƙugiyar.

Wanda ya fi shan wa'azin nan yayansa ne, direban babbar mota, mai kwali guda a rana. Da tari ya ci ƙarfin Yaya, Ban-Taɓa ya ji labarin sigari mai caji, wai da shi wasu ke yaye kansu. Ya nufi inda ake sayarwa.

"Kai za ka sha?" in ji mai shagon.

"Ni? Allah ya sawwaƙe! Na yayana ne."

"Madalla. Wanda bai taɓa sha ba, wannan ba nasa ba ne. Akwai nikotin, kama mutum yake."

Ba nasa ba ne? Shi, mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu? Kuma ya gani da idonsa, abin da ke fita tururi ne. Wa zai gaya masa tururi? Shekara ashirin dutsen guga yana busa masa shi a fuska. Balle ma, ai ba ka ba ɗan'uwanka abin da ba ka ɗanɗana ba. Ya zuƙa sau ɗaya. Mangwaro!

Ya kai wa Yaya nasa. Bayan kwana biyu ya koma ya sayo wani, wai ko na Yaya zai lalace.

Cikin wata huɗu Yaya ya bar sigari, ya bar mai cajin ma, har kumatu ya yi. Ban-Taɓa kuwa ya zama gwani. Ya danna maɓallin tururin guga, fuuu, ya saki nasa a ciki, gajimare biyu su haɗe. Matarsa ta ce rigunan mutane suna ƙanshin mangwaro, ya ce sabon sabulu ne.

Ranar da asiri ya tonu, an ɗauke wuta tun safe, shi kuma baki ya riga ya saba. Yana cikin busawa Yaya ya yi sallama da wando a kafaɗa. Ya dubi gajimare, ya dubi dutsen guga, ya ɗora tafin hannu a kai. Sanyi ƙalau.

"Ƙanena, wannan daga ina?"

"Yaya, tururi ne fa, ba hayaƙi ba."

"Ban ce hayaƙi ba. Cewa na yi daga ina."

"Haba Yaya, ni babba ne. Duk ran da na so zan ajiye."

"Haka na ce shekara talatin da suka wuce. To miƙo, in riƙe maka zuwa gobe."

Ban-Taɓa ya miƙa. Hannun ya tsaya a hanya.

"Bari dai... jibi."

Yaya ya ajiye wandon. Ya aro tsani wajen mai fenti, ya ciro makullin mota, ya kankare ƙugiyar nan tas. Sannan ya leƙo shagon.

"Ran da ka kawo min shi da hannunka, ni da kaina zan mayar maka da ita."

Yau sati uku ke nan allon yana nan BAN TABA. Mai fenti in ya zo wucewa sai ya ɗaga kai, ya gyara hula.

"Ni fa tun farko ban yi kuskure ba."