Yaron da ya je awon gidansu

Shekarun baya kaɗan, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu, tsakar gidana ta koma aji ba tare da an yi shawara da ni ba. Maigidana malamin fasaha ne a wata sakandaren maza ta kwana a nan Gusau. Darasinsa na hannu ne, daga zarto sai guduma sai zane. Da aka sallami yara, kwana uku yana zagaye gida kamar wanda ya yar da makulli, har sai da dabara ta zo masa. Ya tara lambobin iyayen yara, ya buɗe musu zaure a waya, ya ce tunda babu ɗakin aiki, kowa gidansu ne ɗakin aikinsa. Duk mako zai ba da abu ɗaya a auna, da igiya ko taƙi ko kamu, a zana a takarda, a turo bayani ta saƙon murya.

Ni karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, kuma ba na fita sai suna ko gaisuwa. Amma kunne, Allah ya ba ni. Daga ɗakina ina gane turmin kowace maƙwabciya. To Malam zai baje tabarma bayan azahar ya yi ta kunna saƙonni, ni ina gefe ina tsince shinkafa. Shi yana jin lissafi, ni ina jin gidajen mutane. Wannan gidansu da agwagi. Wancan na Bungudu kakarsa ba ta daina faɗa. Wani yana bayanin faɗin ƙofa, uwarsa tana ƙwala masa kira ya zo ya kama akuya.

"Ke dai da an ba ki aji, gulma za ki koyar," in ji Malam.

"Da kuwa babu mai faɗuwa," na ce.

Akwai yaro ɗaya daga wani ƙauye a bayan Tsafe wanda Malam ke ji da shi. Makon farko da aka ce a auna ƙofar ɗaki, nasa ya fi na kowa tsari. Malam ya sake kunnawa don daɗi. A ji na biyun ne hannuna ya tsaya cikin shinkafa. Bayan muryar yaron babu komai. Babu kaza, babu daka, babu kukan jariri. Ƙauye da rana tsaka, da damina, a ce ko tunkiya ba ta yi tari ba? Sai wani kwanon rufi da iska ke ɗagawa tana saki. Na ce a raina ƙila duk sun tafi gona.

Mako na biyu rumbu aka auna. Yaron ya sa kai ciki yana magana, muryarsa tana dawowa kamar daga cikin randa. Kuma ƙasa-ƙasa yake yi, irin maganar wanda ba ya son a tashi daga barci. Na ce, "Malam, yaron nan shi kaɗai ne a garinsu?"

"Natsuwa ce. Shi ya san ya nemi wurin da babu hayaniya, ba kamar sauran ba."

Mako na uku rijiya. Ranar Talata saƙon ya shigo. Ina jin yadda ya zura igiya, ina jin dutsen da ya ɗaura ya taɓa ruwa. Yana cikin faɗin zurfinta kamu-kamu, sai na ji wani abu a can bayansa, ba nesa ba, kamar katanga ɗaya ce tsakaninsu. Cokali ne a cikin kofin gilashi. Wani yana juya shayi a hankali, ba ya sauri. Da yaron ya yi shiru don ya ƙirga, cokalin ma ya tsaya. Da ya ci gaba, aka ci gaba da juyawa.

Na sa Malam ya maimaita sau uku, ya ce shi iska kawai yake ji. Na ce, "Garin nan babu mata, babu yara, babu dabba, amma akwai mai shan shayi, kuma sauraron yaron yake yi. Ka kira mai wayar."

Ya ce gobe. A ranar kuwa ya riga ya tura aikin mako na huɗu: kowa ya ƙirga azarar rufin ɗakinsu ya auna tsawonta.

Da safe na hana shi karyawa sai da ya kira. Kawun yaron ne ya ɗauka, don wayar tasa ce, aro yake ba shi. Malam ya buɗe murya ina ji. Bayan gaisuwa ya yaba ƙoƙarin yaro wajen auna gidansu. Sai kawun ya ce:

"Wane gida, Malam? Ai wata biyu ke nan da munka taso. Mutanen daji sunka tashe mu, ko kaza ba mu ɗauko ba. Muna nan cikin Tsahe, ajin firamare guda mu gida ukku."

"To ina yake yin awon?"

"Shi dai ya ce mani kuna tara su bayan tasha. Yau ma tun da sahe ya ɗau keke da igiya ya hita. Wayar ce na hana shi, ina jiran kira."

Ban taɓa ganin fuskar maigidana ta yi haka ba. Ya sa hula a karkace, ya tura babur. Ni na bi shi har zaure ina cewa Allah ya tsare, daga nan ba ni da halin wucewa. Na ɗora tukunya na manta ban zuba ruwa ba. Yinin nan duk babur ɗin da ya wuce layinmu sai na gane ba nasa ba ne tun daga kwanar titi, kuma a ranar na so a ce kunnena bai kai haka ba.

Sai bayan la'asar ya dawo, ƙafarsa duk laka. Ya sha ruwa kofi biyu kafin ya yi magana. Shi da kawun sun ɓoye babur cikin gero, suka ƙarasa a ƙafa. Ya ce garin ƙofofi a buɗe, ciyawa ta fito a bakin masallaci. Suka sami yaron a ɗakin mahaifiyarsa, ya taka turmi yana ƙirga azara. A gidan da ke jikin nasu kuwa akwai murhu da garwashinsa bai mutu ba, da buta a kai, da tabarma shimfiɗe, da takalma ƙafa uku a jere. Ba su ga kowa ba. Kawun ya kama wuyan rigar yaron, suka fita ba wanda ya waiwaya, keken ma a can aka bar shi.

A hanya Malam ya tambaye shi me ya sa bai faɗa ba. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, cewa ka yi kowa ya auna gidansu. Duk 'yan ajinmu suna ji. Ya zan ce ba mu da gida?"

Daga ranar Malam ya cire kalmar nan ta "gida" daga darasinsa. Sai dai ya ce, auna ƙofar inda kake, duba rufin da ke samanka. Kuma kafin ya tura aiki sai ya kira iyaye ɗaya-ɗaya ya ji inda suka kwana. Har yau ba mu san su wane ne a bayan katangar ba, ko me ya sa suka ƙyale shi mako uku yana shiga yana fita. Na daina neman amsar, don duk wadda na samo ba ta bari na ci abinci.

Abin da na ɗauka a ciki kaɗan ne. Yaro mai kunya zai iya kai kansa inda babba ba zai yarda ya je ba, don kawai kada a ji halin da gidansu ke ciki. Shi ya sa ko yaran maƙwabta na daina tambayarsu abin da sai mai wadata zai iya amsawa.

Da aka buɗe makarantu, yaron ya kawo wa Malam zanen. Ƙofa, rumbu, rijiya, ɗakuna, kowanne da awonsa a gefe, rufin ne kawai ya tsaya rabi. Malam ya ba shi maki ya mayar masa. Danginsa ba su koma ƙauyen ba, an ce damina biyu ta kwantar da ginin. Kawun ya gaya mana takardar tana wurin mahaifiyar yaron, cikin leda a ƙasan akwati. Ba ta iya karatu ba, amma in ta buɗe, da yatsa take nuna wa ƙannensa ɗakin da aka haife su.