Badaru Mai Harshen Da Ba a Gani

Kafin rana ta fito, Malam Badaru yakan tura babur ɗinsa daga Balan zuwa Gaya, ya hau motar da za ta kai shi ɗakin binciken wata jami'a. A can gashin kansa ya yi fari, yanzu ga shi zai ajiye aiki.

Abin da yake kula da shi wani ɗan harshen ƙarfe ne a cikin na'ura, da bai kai silin gashi kauri ba. Akan shafa masa zaren ƙwayar halitta, a zuba wanda aka tace daga jinin mutum. Idan zaren ya tarar da ɗan'uwansa sai su manne, harshen ya ɗan rusuna, haske ya nuna. Da yake zafi ma kan lanƙwasa shi, Badaru ba ya yarda sai ya ajiye wani harshen a gefe, wanda jinin ba ya manne masa. Da shi ake gane gaskiyar na farkon.

Da aka nemi masu ba da jini don gwajin sikila, Kamilu, ɗan yayansa, ya zo da Hauwa'u 'yar garin Toranke, wadda aka sa musu rana. Suna ta dariya. Jinin kowannensu ya sa harshen ya rusuna, alamar su biyun suna ɗauke da ƙwayar sikila.

Da Badaru ya faɗa a gida, yayan nasa Abdulmuttalib, uban Kamilu, ya ce, "Ba kai ka ce na'urar ma gwada ta ake yi ba? To ka kama bakinka."

Badaru ya ce, "Yaya, ban ce a yarda da ni ba. Su je asibiti. Amma na gani."

"Ƙarfen da ko ido bai gani, shi zai raba mana zumunci?"

Asibiti ya tabbatar. Yaran da kansu suka haƙura da auren, ba don sun daina son juna ba. Ba wanda ya zagi Badaru. Sai dai in magariba ta yi, 'yan'uwa sun fito da kwanukan tuwo ƙofar gida don ciyayya, aka daina aika yaro ya kira shi. Yakan fito da nasa kwanon, ya zauna a dakalinsa, yana jiyo hirarsu.

An daɗe ana tambaya, shin wanda ya hana kukan jaririn da ba a haifa ba, wa zai gode masa? Wanda aka kuɓutar ba ya nan, waɗanda aka ɓata wa kuwa kullum ana gaisawa da su.

Kai ne ka ɗauki wannan, Badaru na Balan, mai gani ya faɗa. Kai ne harshen gefe. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sanyaya zuciyar yayanka.

Matasanmu masu shiga wannan aiki, ku koyi halinsa kafin ku koyi na'urarsa. Mu kuma na Balan, dakalin nan ba nisa. Yau in an idar da magariba, wani ya ɗauki kwanonsa ya je.